Darasi na 9: Yadda Ake Haɗa Ƙaramar Roka

Rokar da za mu haɗa a wannan darasi tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, kuma ba ta kai wayar hannu nauyi ba. A cikin kwali ake sayar da ita, gunduwa-gunduwa, tare da takardar bayani. A Amurka aka faro wannan abu. Wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, shi ya ƙera ɗan injin farko a 1954, sannan a 1958 Vernon Estes ya kafa kamfanin da ke yin irin waɗannan injina. A wancan zamani matasa na haɗa albarushi da kansu don su harba roka, wasu suka rasa yatsu, wasu idanu. Saboda haka ku riƙe wannan tun daga farko: injin da kamfani ya yi shi kaɗai ake sawa. Kada ku fasa shi, kada ku ƙara masa komai.

Ku zazzage kayan a kan tebur, ku karanta takardar bayanin har ƙarshe kafin ku taɓa gam. Za ku ga dogon bututu na kwali, shi ne jikin roka. Akwai kai mai tsini, da fikafikai uku ko huɗu na itacen balsa, wanda ba shi da nauyi ko kaɗan. Akwai gajeren bututu da inji ke zama a ciki, da igiyar roba, da 'yar lema ta leda wadda ke sauko da roka a hankali. Daga wajenku ana bukatar gam na katako, da fensir, da rula, da reza, da samfefa mai laushi.

A fara da mazaunin inji. Ku auna yadda takarda ta ce, ku sa masa zobbansa da ƙugiyar ƙarfe, ku shafa gam a cikin gindin babban bututu, ku tura shi ciki gaba ɗaya. In kuka tsaya a rabi, gam zai kama shi a inda bai dace ba.

Fikafikai su ne wurin da nake so ku zauna ku natsu, domin a nan ne roka ke gyaruwa ko ta lalace. Ku haɗa su wuri ɗaya ku goge da samfefa har girmansu ya zo daidai. Ku duba jijiyar itacen: dole ta bi gefen gaba na fiffiken, in ba haka ba zai karye tun a tashin farko. Ku ja layi miƙaƙƙe a jikin bututu ga kowane fiffike, tazara iri ɗaya. Ku shafa gam kaɗan a gefen fiffike, ku taɓa shi a kan layi, ku cire, ku bari ya sha iska, sannan ku ƙara gam ku liƙa. Yanzu ku leƙa ta gindin roka da ido ɗaya. In ya karkata, ku gyara nan take, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku bar kowanne ya kama kafin ku ɗauki na biye. In duk sun bushe, ku bi kusurwar da gam da ɗan yatsa. Fiffike ɗaya karkatacce ya isa ya sa roka ta riƙa juyi a sama.

Sai ɗan siririn bututun da ake liƙawa a gefe, wanda ke bin sandar harbi, wato sandar ƙarfen da ake zura roka a kanta don ta tashi a miƙe. Shi ma ya miƙe sosai. Igiyar roba kuwa, bakinta ɗaya a cikin jiki, ɗayan a ɗaure da kai tare da lema. Kan roka ba a sa masa gam, tunda dole ya fice a sama.

Kafin a fita fili akwai gwaji. Ku sa inji, ku nemi wurin da roka ke daidaita a kan yatsa, ku ɗaura zare a nan, ku juya ta a saman kanku. In kai ne ke gaba, ta yi. In tana wuntsilawa, ku cusa ɗan abu mai nauyi a cikin kan, ku sake gwadawa.

A jikin inji akwai rubutu, misali B6-4. Harafin na nuna yawan ƙarfin injin: B ya ninka A, C ya ninka B. Lamba 6 matsakaicin ƙarfin turi ne. Lamba 4 kuwa daƙiƙoƙin da ke wucewa bayan wuta ta ƙare kafin injin ya tunkuɗo lema waje. Wannan tunkuɗar da zafi take zuwa, shi ya sa ake cusa wata takarda ta musamman da ba ta cin wuta a ƙarƙashin lema. Tashin farko ku yi shi da ƙaramin inji.

Ku zaɓi fili buɗaɗɗe, nesa da busasshiyar ciyawa da wayoyin lantarki, ranar da iska ba ta kai kilomita 32 a awa ba. Da batir da doguwar waya ake kunnawa, ba da ashana ba. Kowa ya ja baya mita 5 aƙalla, a ƙirga da ƙarfi daga 5 zuwa 1, a danna. In ba ta tashi ba, ku cire makullin da ke jikin na'urar kunnawa ku jira daƙiƙa 60 kafin wani ya matsa kusa.

Aikin yi: ku rubuta C6-5 a littafinku. Daƙiƙa nawa za a yi kafin lema ta fito? Injin A nawa ne za su yi daidai da wannan C ɗin?