Yadda Mai Cutar MS Zai Kula da Garkuwar Jikinsa

A cutar MS (multiple sclerosis), garkuwar jiki ce take afka wa rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, har saƙonni su riƙa tafiya a hankali ko su katse. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40.

Idan ganin ido ɗaya ya dusashe, ko ƙafa ta yi sanyi ta mutu fiye da awa 24, a garzaya wurin likitan jijiyoyi domin hoton MRI (hoton da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka), kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Da yawa daga cikin magungunan da ke rage tasowar cutar suna danne garkuwar ne, saboda haka kafin a fara su ya kamata a yi gwajin ciwon hanta nau'in B da tarin fuka, a kuma kammala rigakafi. Allurar rigakafin cutar shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, don haka kada a karɓe ta sai da izinin likita, ko da tafiya ta taso.

Zafi yana tsananta alamomin na ɗan lokaci. A guji ranar tsaka, a kula da zazzaɓi da wuri, a bar shan taba.