Zoɓo zai iya maye gurbin takardar litmas

Malamai 'yan'uwa, in litmas, takardar da ke nuna ko abu asid ne ko alkali, ta ƙare muku a ɗakin gwaji, ku sayo busasshen zoɓo a Kasuwar Rimi.

Ku jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi na minti 10, ku tace. Ban da sukari, ban da citta.

Ku ɗiga shi a ruwan lemon tsami, zai yi ja wur. Ku ɗiga a ruwan kanwa ko na toka, sai ya rikiɗe ya koma kore-kore mai duhu. Sinadarin da ke ba zoɓo launinsa, antosayanin, shi ne ke canza kala gwargwadon asid (kamar lemon tsami) ko alkalin (kamar kanwa da toka) da ya tarar. Ranar da na gwada wa 'yan SS1, har na bayan aji sai da suka taso suna leƙen kofin kanwar.

Amma ku tsinka shi sosai, domin zoɓon kansa yana da tsami, in ya yi kauri zai ɓata sakamako. Bilic kuma kashe kalar yake yi gaba ɗaya. Bayan kwana 2 a zafin Kano ruwan zoɓon ya lalace, sai sabo.

Taitireshan (gwajin auna ƙarfin asid ko alkali) na WAEC da NECO kuwa, don Allah ku horar da yara da sinadaran canza kala na metil oranj da fenoftalin, su za su tarar ranar jarrabawa.