Yadda Ake Dafa Taliya da Gasassun Kayan Lambu Irin na Mutanen Bakin Tekun Bahar Rum

Mutanen kudancin Italiya, musamman mazauna tsibirin Sisili, suna da wani salon girkin taliya wanda ba ya neman nama, ba ya neman a tsaya soya miya na tsawon lokaci, kuma duk da haka wanda ya ci ba zai ji kamar an rage masa wani abu ba. Kayan lambu ne ake gasawa da wuta mai ƙarfi har gefunansu su yi launin ƙasa-ƙasa, zaƙin da ke cikinsu ya fito, sannan a haɗa su da taliyar da aka dafa daidai, a yayyafa man zaitun. Aikin gaba ɗaya ba ya wuce awa 1, amma duk daɗin abincin yana rataye ne a kan gashin, saboda haka a nan ne ya kamata mai girki ya fi mai da hankali.

Wannan haɗin yana da dogon asali a yankin. A shekarar 1154, masanin labarin ƙasa al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roger na biyu a birnin Palermo da ke Sisili, ya rubuta cewa a garin Trabia ana yin taliya mai yawa ana kai ta wasu ƙasashe a jiragen ruwa. Babban yalon da ake yi wa wannan girki Larabawa ne suka yaɗa shi a ƙasashen bakin tekun, tumatir da tattasai kuwa daga nahiyar Amurka suka iso Turai a ƙarni na 16. Har yau birnin Catania da ke Sisili ya shahara da taliya mai haɗe da yalo da tumatir da ganyen ƙamshi, sai dai su soya yalon suke yi a mai, alhali a wannan hanyar gasawa za a yi, domin gashi ya fi sauƙin aiki kuma bai kai suya cin mai ba.

Domin abincin mutum 4, za a tanadi taliya giram 400, da babban yalo guda 1 mai baƙar fata mai sheƙi, da zukini guda 2, wato ɗanyar kabewar nan doguwa mai kama da kokwamba, da manyan tattasai 2, da jar albasa babba guda 1, da tumatir nunanne kimanin giram 300, wanda ƙananan suka fi dacewa. Sai tafarnuwa ƙwaya 5, da man zaitun cokali 6 na cin abinci, da gishiri, da masoro, da ɗan dakakken barkono, da busasshen ganyen oregano ko na tayim ƙaramin cokali 1, da rabin lemon tsami, da ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya. Ɗoɗɗoyar da ake samu a kasuwanninmu ta fi irin ta Italiya ƙarfin ƙamshi, don haka ganye 6 zuwa 8 sun isa. Idan ba a sami babban yalon ba, farin yalo na gida zai yi, amma a guji gauta, saboda ɗacinsa zai rinjayi komai. Idan kuma zukini ya yi wuya, a ƙara tattasai, ko a sa kabewa a yanka ta ƙanana ƙwarai domin ta nuna tare da sauran.

Game da taliyar kanta, gajera mai rami ko mai murɗe-murɗe ta fi dogon silili dacewa, saboda gutsattsarin kayan lambu suna maƙalewa a jikinta, kowace loma ta zo da rabonta. A duba jikin leda a ga ko an yi ta da alkama mai tauri, wadda ake kira durum. Tun shekarar 1967 dokar Italiya ta tanadi cewa busasshiyar taliyar da ake yi domin sayarwa a ƙasar da irin wannan alkama za a yi ta, kuma dalilin a bayyane yake a tukunya: tana riƙe jikinta, ba ta saurin caɓewa.

Abu na farko shi ne a kunna tanderun gas ko na lantarki, a sa shi a kan digiri 220 na ma'aunin Salshiyas, a bar shi ya ɗauki zafi sosai na kimanin minti 15 tun kafin a gama yanka. Yana da kyau a saka tiren gashin a ciki shi ma ya yi zafi, domin kayan su fara gasuwa da zarar sun taɓa ƙarfen. A wannan lokacin sai a wanke kayan lambun, a goge su da tsumma mai tsabta har su bushe, saboda duk ruwan da aka bari a jikinsu zai koma tururi a cikin tanderu. A yanka yalo murabba'i-murabba'i, kowane kimanin santimita 2, a yanka zukini da ɗan kauri fiye da haka saboda ya fi yalo saurin laushi, a cire 'ya'yan tattasai a yanka shi fale-fale masu faɗi, albasa kuma a raba ta gida 8 ba tare da an warware ta ba. Tafarnuwa a bar ta cikin ɓawonta. Idan aka ɓare ta ko aka daka ta kafin gashi, za ta ƙone ta yi ɗaci tun kafin yalo ya nuna.

A zuba yalo da zukini da tattasai da albasa da tafarnuwar a babban kwano, a sa man zaitun cokali 4, da gishiri ƙaramin cokali 1, da masoro, da oregano, a cakuɗa da hannu har kowane yanki ya sami mai. Yalo yana shan mai da sauri, kuma hakan yakan sa mai girki ya yi ta ƙarawa yana zaton bai isa ba. Kada a ƙara, domin idan ya gasu zai sake fitar da wani ɓangare na man da ya sha. Wanda yake ganin tsadar man zaitun, kuma lallai yana da tsada, zai iya yin gashin da man gyaɗa, ya ajiye cokali 2 na man zaitun domin ƙarshe, inda ake jin ɗanɗanonsa a fili.

Yanzu sai batun shimfiɗa kayan a tire, wanda a ganina shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi yi wa sakaci. Kayan lambu kusan duk ruwa ne. Yalo da zukini da tumatir kowanne ya haura kashi 90 cikin 100 na ruwa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, launin gashi da ƙamshinsa kuwa ba sa samuwa sosai sai zafin saman abin ya kai wajen digiri 140 ko fiye. Ma'anar wannan ita ce muddin akwai danshi a jikin yankin yalo, ba zai yi launi ba, komai zafin tanderu. Idan aka cika tire aka jibga kaya a kan juna, ruwan da suke fitarwa ba ya samun hanyar tashi, sai ya taru a ƙasa, kayan su dahu a cikin tururinsu, su fito fari fat, lugub, ba ƙamshi. Saboda haka a shimfiɗa su jeri ɗaya, da ɗan fili tsakanin yanki da yanki, a tabbata gefen da aka yanka yana kwance a kan ƙarfe. Idan tire ɗaya bai isa ba, a yi amfani da biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a musanya musu wuri a tsakiyar gashin. Ƙarin tire guda da za a wanke daga baya bai kai asarar ɗanɗanon abincin gaba ɗaya ba.

A bar su minti 15 ba tare da an buɗe tanderu ba, domin duk buɗewa tana fitar da zafi. Bayan haka a fito da tiren, a juya kayan sau ɗaya, a sa tumatir da aka raba biyu a gefe, a mai da shi na wasu minti 12 zuwa 15. An jinkirta tumatir ne saboda shi ne ya fi kowa ruwa, kuma da an sa shi tun farko da ya jiƙa sauran. Za a gane kayan sun yi idan gefen albasa da na tattasai ya fara duhu, yalo ya yi laushi har cokali ya shige shi ba tare da turjiya ba, tumatir kuma ya yamutse ya fara sakin ruwansa. Yalon da bai nuna ba yana da tauri da ɗan ɗaci, don haka shi ne za a ɗanɗana kafin a yanke hukunci.

Wanda ba shi da tanderu ba zai rasa wannan abinci ba. Zai iya gasa kayan a kan ragar ƙarfe bisa garwashin gawayi, sai dai ya yanka su manya-manya don kada su faɗa wuta, ya rage musu girma bayan sun gasu. Ko kuma ya ɗora kasko mai kauri a wuta mai ƙarfi, ya gasa su kashi-kashi, yalo daban, zukini daban, yana barin kowane gefe ya yi launi kafin ya juya.

Da zarar an mai da tiren bayan juyawa, sai a tabbata ruwan taliya yana tafasa. Ƙa'idar da Italiyawa suka saba bi ita ce lita 1 ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya, wato lita 4 ga wannan adadin, ko da yake lita 3 ma ta wadatar idan an rage gishirin daidai da haka. Ba a sa mai a ruwan. A zuba taliya, a juya ta a minti na farko don kada ta manne, a duba lokacin da aka rubuta a jikin leda, a fara ɗanɗanawa saura minti 2. Abin da ake nema shi ne ta nuna amma tana da ɗan ƙarfi a tsakiya idan aka tauna, saboda za ta ƙarasa dahuwa tare da kayan lambun.

Kafin a tace, a ɗebi kofi 1 na ruwan dahuwar a ajiye. A gidaje da yawa an saba tsane taliya a wanke ta da ruwan sanyi, amma a wannan girkin wankewa ɓarna ce. Sitacin da ya fita daga taliya ya sa ruwan ya yi fari-fari shi ne yake haɗa mai da ruwan tumatir su zama romo mai ɗan kauri wanda yake kama jikin taliya. In babu shi, mai zai kwanta a ƙasan kwano, taliya ta zauna a sama a bushe.

A mai da taliyar cikin tukunya a kan wuta kaɗan. A matse gasasshiyar tafarnuwa daga ɓawonta, za a ga ta yi laushi kuma kaifin ɗanɗanonta ya tafi, a murje ta da bayan cokali, a zuba. A juye kayan lambun duka, sannan a zuba ɗan ruwan taliya a kan tiren tun yana da zafi, a kankare abin da ya manne a jikinsa, a haɗa da shi, domin wannan ƙanzon yana ɗauke da ɗanɗano mai yawa. A ƙara rabin kofi na ruwan da aka ajiye, da sauran man zaitun cokali 2, da barkono gwargwadon yadda ake so, a yi ta juyawa da ɗan ƙarfi na minti 1 zuwa 2, ana danna wasu daga cikin tumatir su fashe. Idan ta yi kamar za ta bushe, a ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ta yi sheƙi. A sauke, a matsa lemon tsami, a yayyaga ɗoɗɗoya da hannu a watsa, sannan a ɗanɗana gishiri. Ba na ba da shawarar sa dunƙulen ɗanɗano a nan, domin yana danne zaƙin tattasai da albasa da aka sha wahalar fitarwa, ya mai da abincin daidai da kowace taliyar da aka saba ci.

A Italiya ana goga busasshen cuku mai gishiri a kai, kamar pecorino da ake yi da madarar tumaki. Amma a Sisili akwai wata tsohuwar dabara ta gidajen da ba su da halin sayen cuku, wadda ta dace da duk wanda bai same shi ba: a murmushe busasshen burodi, a soya shi a cokali 1 na mai da ɗan gishiri har ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, a barbaɗa a kan kowane kwano lokacin da za a ci. Wanda yake son abincin ya ƙara riƙe ciki zai iya sa kifin gwangwani ko dafaffen wake a lokacin haɗawa, ko 'ya'yan zaitun idan akwai, sai dai a rage gishiri saboda su ma suna da nasu.

Ana cin wannan taliya ne da zafinta, da zarar an sauke. Idan ta rage, a bar ta ta huce, a rufe ta a sa a firji kafin awa 2 ta cika, a cinye cikin kwana 2 zuwa 3, kuma lokacin ɗumamawa a yayyafa mata cokali 2 na ruwa a kasko domin romon ya sake sakewa. Gasassun kayan lambun su kaɗai ma suna ajiyuwa a firji na tsawon wannan lokaci, saboda haka mai yawan aiki zai iya gasa ninki biyu a rana ɗaya, washegari ya rage masa dafa taliya da haɗawa kawai, wanda ba zai ɗauke shi fiye da minti 15 ba.