Ku duba ranar haihuwar yara kafin ku sayi tikiti

Maƙwabtanmu Turawa, mata da miji da 'ya'yansu biyu, sun tashi daga layinmu a birnin Leeds na Ingila sun koma birnin Perth na Ostireliya. Mijin ya sami aikin tun watan Maris, amma ba su ɗaga ba sai Disamba. Da na tambayi matar me ya tsayar da su wata tara, sai ta ce makarantun can a ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu suke buɗe sabuwar shekara, kuma ba za ta jefa yarinyarta cikin aji a tsakiyar zango ba, lokacin da kowa ya riga ya yi ƙawa. Mijin ya roƙi sabon wurin aikin su jira shi, suka jira.

Wata ranar Asabar na leƙa ta saman shinge na same ta durƙushe tana wanke tayar keken yaron da tsohon buroshin haƙori, rami bayan rami. Ostireliya ba ta yarda a shigar mata da ƙasa ko ƙwayar ciyawa daga waje ba, don haka takalman ƙwallo da kekuna sai an wanke su tas kafin su shiga kwantena. Amma akwai wata shuɗiyar jaka da ta hana kowa taɓawa, ta ce wannan a hannunta za ta hau jirgi. Ta buɗe mini: rahoton makaranta na shekara biyu, jan littafin rigakafin kowane yaro, wasiƙar malamar aji da ke bayanin inda yarinyar ta kai a karatu da lissafi, da littafin rubutu ɗaya na kowannensu. Ta riga ta san makarantar da za su shiga, kuma don makarantar ta zaɓi unguwar da za su kama haya.

Na koma ɗaki jikina a sanyaye, domin na tuna zuwanmu. A watan Fabrairu muka sauka da yara uku, da akwati cike da kuka da daddawa da yaji, amma ko takardar sakamakon zango ɗaya babu. Babbar ta yi mako bakwai a gida tana kallon ruwan sama ta taga kafin a ba ta gurbi. Ba wanda ya zalunce mu. Mun tsara tafiyar a kan bizar maigida da ranar fara aikinsa, muka ɗauka yara duk inda aka ajiye su za su zauna. To 'yar'uwa, ɗan'uwa, idan kuna shirin zuwa Ingila da yara 'yan makaranta, ku karɓi wannan daga wadda ta riga ku: kalandar makaranta ce ya kamata ta ja ragamar tafiyar.

A Ingila shekarun yaro ne ke ba shi aji, ba ƙoƙarinsa ba. Shekarar karatu tana farawa farkon Satumba, iyakar kuma 31 ga Agusta. Yaron da aka haifa 30 ga Agusta 2014 ya shiga aji na 7, wato farkon sakandare, a Satumbar 2025. Wanda aka haifa 2 ga Satumba 2014, kwana uku kacal a tsakaninsu, aji na 6 na firamare ya shiga a lokacin. A gida mun saba da tsallaken aji, har uba ya riƙa alfahari ɗansa ya shiga JSS1 yana shekara goma. Nan za a mayar da shi cikin sa'o'insa a firamare, kuma gardama ba ta cika yin amfani ba. Kada ku ɗauke shi a matsayin raini. Ku shirya zuciyar yaron tun daga gida, don kada ya ji kamar an kayar da shi ne. Ranar haihuwar da ke cikin fasfo ita za a bi, saboda haka ku tabbata ta yi daidai da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, harafin suna ma ya zo ɗaya. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, yana iya jawo muku zirga-zirgar da ba ku shirya mata ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne yaro mai shekara 14 zuwa 16. Jarrabawar GCSE, wadda take kamar WAEC a nan, karatun shekara biyu ce, aji na 10 da na 11, ana zaɓar darussa tun a aji na 9, ana rubuta ta a Mayu da Yuni. Yaron da ya sauka a Janairun aji na 11 yana da wata huɗu ya cimma abin da 'yan ajinsa suka yi zango huɗu suna yi, har da littattafan adabin Turanci da bai taɓa gani ba. Na ga yarinya mai kai, wadda take ta ɗaya a ajinsu a gida, ta fito da sakamakon da ya sa ta daina ɗaga kai a gaban mutane. Ba ƙwaƙwalwa ta rasa ba, lokaci ta rasa. Maki daga 9 yake saukowa zuwa 1, kuma wanda bai sami 4 a Turanci da lissafi ba sai ya ci gaba da karanta su bayan ya kai 16. Shawarata a fili take. In da hali, ku iso kafin Satumbar aji na 10. In kuwa yaron ya riga ya kai SS2 ko SS3, ku zauna ku yi tunani sosai ko zai fi masa ya ƙarasa WAEC a hannun kakarsa ko gwaggonsa, amma ku bincika dokar biza tukuna, domin da zarar ya cika 18 ba a ɗaukarsa a matsayin yaron da ke bin iyaye. Wanda ya yi Islamiyya mai ƙarfi, ku tambayi makaranta ko zai iya rubuta GCSE na Larabci. Yaran Maraɗi da Damagaram kuma Faransancinsu dukiya ce a nan.

Duk wannan na Ingila ne. Sikotilan tsarinta daban: a tsakiyar Agusta ake komawa, firamare shekara bakwai ce, jarrabawarsu ma wata ce. Wanda zai sauka Glasgow ko Aberdeen ya nemi bayaninsu.

Sai maganar gida, wadda ita da maganar makaranta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Makarantar gwamnati kyauta ce, amma ba za ka shiga ofishin hedimasta ka ce ga yarana ba. Ana nema ta hannun ƙaramar hukuma, wadda a nan muke kira kansul, kuma idan masu nema suka yi yawa, nisan ƙofar gidanka da ƙofar makaranta na cikin manyan abubuwan da ake aunawa. Masu shiga sakandare suna cike takarda kafin 31 ga Oktoba, a ba su amsa 1 ga Maris. Masu shiga firamare kafin 15 ga Janairu, amsa 16 ga Afrilu. Wanda ya zo bayan haka, ko a tsakiyar shekara, gurbin da ya rage zai samu. Azuzuwan ƙanana, daga ajin share fage zuwa aji na 2, doka ta ƙayyade su ga yara 30, shi ya sa ake iya ba ka gurbin Ya'u a nan, na ƙanwarsa a wata unguwar, uwa ta riƙa gudu tsakanin ƙofa biyu da ƙarfe tara saura. Don haka kafin ku sa hannu a takardar haya, ku kira kansul ku tambayi makarantun da ke da gurbi a ajin yaranku, ku karanta rahoton Ofsted, hukumar duba makarantu, na kowacce a intanet. Takardar hayar ita ce shaidar adireshin da za a nema. Idan an hana ku makarantar da kuke so kuna da haƙƙin ɗaukaka ƙara, ku kuma sa suna a jerin masu jira. Kada dai ku ƙi gurbin da aka ba ku ku ajiye yaro a gida kuna jiran wani.

Kuɗin ajiyar haya ba ya wuce na mako biyar a yawancin gidaje, kuma dole mai gida ya saka shi a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi. Wanda ya ce ku turo kuɗi tun kuna Kano ba tare da wani naku ya ga gidan ba, ku ja da baya.

Kafin duk wannan, ku tabbata bizar ma tana ba da damar zuwa da iyali. Tun Janairun 2024 ɗaliban digiri na biyu na kwas ba sa zuwa da mata da yara, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyi; tun Maris na 2024 kuma aka rufe wa sababbin ma'aikatan kula da tsofaffi wannan ƙofar. Kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya kai fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, daga Fabrairun 2024, kuma na dukan shekarun bizar ake biya gaba ɗaya. Ku ninka da yawan kanku kafin ku sayar da fili. Akwai gwajin tarin fuka a cibiyar da aka amince da ita, takardarsa wata shida take yi. Waɗannan dokoki suna yawan sauyawa, ku duba shafin gwamnati da idonku a makon da za ku cike takarda.

Makon farko ku yi rajista da likitan unguwa, GP. Kyauta ne. Ku je da katin rigakafin yara, ko da ya tsufa ya yage, su cike abin da ya rage. Mai ɗa mai sikila ya taho da bayanin asibitinsa da magani na 'yan makonni, ya faɗa tun ranar rajista, domin sanyin nan yana tayar da ciwon. Sanyin kuma ba wasa ba ne: a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, yara a duhu-duhu suke dawowa. Rigar sanyi mai hana ruwa da baƙin takalmi ku saya a nan. Yunifom kuma kada ku saya sai an ba ku makaranta. Wando da siket da farar riga suna da araha a manyan kantuna, mai tambarin ce ke da tsada, kuma makarantu da yawa suna sayar da na hannu. Abincin rana kyauta ne ga 'yan ajin share fage zuwa aji na 2. Ku rubuta a takarda cewa yaronku halal yake ci; inda babu, a ba shi na kifi ko na ganye.

Akwai abu biyu da suka fi jefa mutanenmu cikin matsala, kuma a kansu nake so ku saurare ni da kyau. Na farko fashin makaranta. A gida bikin ƙanwar uwa ya isa a ɗauke yaro mako biyu. Nan idan yaro ya yi kwana biyar ba izini cikin mako goma, ana iya cin tarar fam 80 ga kowane mahaifi a kan kowane yaro, ta koma 160 in an wuce kwana 21. Uwa da uba da yara uku, fam 480 ke nan, kuma in abin ya maimaitu yana iya kaiwa kotu. Ranar Sallah ana ba da izini in kun sanar tun da wuri. Zuwa gida ku bar shi sai dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma ku karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro kafin ku tafi, domin lokacin damina ne, jikin yaran kuma ya manta sauro.

Na biyu duka. Sikotilan ta haramta dukan yaro kwata-kwata a 2020, Wales a 2022. A Ingila doka ta bar 'yar ƙaramar kafa, amma duk dukan da ya bar shaida, ko aka yi da bulala ko waya ko silifa, laifi ne. Malama in ta ga tabo wajibinta ne ta kai rahoto, kuma ma'aikatan jin daɗin yara za su ƙwanƙwasa muku ƙofa. Na san iyaye masu ƙaunar 'ya'yansu da suka kwana suna kuka a kan wannan. Ku zauna ku biyu tun kafin tafiya ku yanke yadda za ku riƙa horo: hana waya, hana fita, zama a yi magana ido da ido. Haka nan barin ƙananan yara su kaɗai a gida don an tafi aikin dare. Babu maƙwabciyar da za ta leƙa miki su kamar a gida sai wadda kika nema da kanki kuka yi yarjejeniya.

Ku je taron iyaye da malamai ko da Turancinku bai nuna ba, kuna iya neman tafinta. Ku tambayi abin da ake koyarwa a darasin addini da na zamantakewa. Makaranta za ta nuna muku, kuma doka ta ba ku damar cire yaro daga darasin addini da wani sashe na ilimin jima'i, ban da abin da ke cikin darasin kimiyya. Tambaya cikin mutunci ta fi jita-jitar WhatsApp amfani. A gida kuma ku riƙe Hausa da ƙarfi. Turanci zai zo da kansa, kafin shekara ta zagayo ƙaramin zai fara gyara muku lafazi. Hausar ce ke zubewa in ba a tare ta ba.

A makon ƙarshe maƙwabciyar tawa ta yi wa yarinyarta ɗan taron ban kwana da 'yan ajinsu, kowa ya rubuta mata layi biyu a wani littafi. Mu da asuba muka fitar da namu, babbar ba ta ko sallami ƙawarta ta bayan layi ba, kuma ta fi shekara tana tambayata ita. Ku faɗa wa yara da wuri, ku nuna musu hoton makarantar in kun samu, ku kai su su sallami kakanni da malamin Islamiyya da abokan wasa. Kowane yaro ku bar shi ya zaɓi abu ɗaya nasa da zai riƙe a hannu cikin jirgi.