Yadda za ka tsaya kan sahihiyar koyarwa ba tare da ka yanke zumunci da ɗan'uwa ba

Mu Kiristocin Katsina ba mu da yawa, kusan kowa ya san kowa, in aka yi rasuwa za ka tarar da ƴan ECWA da Katolika da Baftis da Angalika da ƴan Fentikos duk kan tabarma ɗaya, matan zumunta suna ta ɗora tukunya ba mai tambayar wata ɗarikarta. Shi ya sa da zarar wani ya buɗe baki ya ce koyarwa kaza ba daidai ba ce sai a ce mashi haba ɗan'uwa yi shiru, mu nawa ne da za mu raba kanmu. A ɗaya gefen kuma akwai waɗanda ɗan kwali kaɗai ya ishe su su yanke ma mace hukuncin ba ta da ceto. Duka biyun suna ci mani rai. In ka duba Yahaya 17, addu'a ɗaya ce Yesu ya yi, aya 17 ya roƙa a tsarkake mu cikin gaskiya, aya 21 ya roƙa mu zama ɗaya, to wa ya ba mu izinin ɗaukar rabi mu bar rabi?

Abu na farko, tun kafin ka ce uffan, ka zauna ka tantance wace irin magana ce ta taso. Mai tsintar shinkafa ta san bambancin tsakuwa da ƙaiƙayi, ƙaiƙayi in ta sheƙa iska ta tafi da shi, tsakuwa kuwa in ta bari haƙori za ta karya.

Tsakuwar ita ce duk abinda ya taɓa tushen bishara. Wanene Yesu, Allah ne kuma mutum ne, ya mutu domin zunubanmu aka binne shi ya tashi a rana ta uku, mutuwar da tashin nan Bulus da kanshi ya sa su a gaba da komai a 1 Korintiyawa 15. Ceto kyauta ne ta alherin Allah, ba a sayen shi. Nan ba wani sassauci. A shekara ta 325 da wani malamin ikilisiya a Iskandariya ta Masar mai suna Ariyus ya riƙa koyar da cewa Ɗan halitta ne, wai akwai lokacin da babu shi, bishop-bishop ba su ce a rufe maganar don zaman lafiya ba, taruwa suka yi a Nikiya, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, suka rubuta shaidar bangaskiya, wadda bayan an ƙara mata bayani a 381 har yau Katolika da Angalika suna karanta ta a sujada. Wato tsayawar da suka yi kan gaskiya ita ce ta bar mamu abinda muka haɗu a kai yau.

Sai magana ta biyu, mai nauyi ce amma ba ta fidda mutum daga cikin Almasihu. Baftismar jarirai ko sai mutum ya girma a nutsa shi cikin ruwa, ma'anar Jibin Ubangiji (gurasa da ƙoƙon da ake sha don tunawa da mutuwar Yesu), magana da harsuna, ko mace za ta iya zama fasto. Irin waɗannan sun isa su sa kowa ya tafi majami'ar shi ran Lahadi, ba laifi bane, amma ba su isa su hana gaisuwa ba. A 1529 Martin Luta da Zwingli, jagorori biyu na waɗanda suka rabu da Katolika, sun zauna a Marburg ta Jamus, magana 15 aka jera, sun yarda kan 14, kan Jibin Ubangiji suka rabu, rabuwar kuma ta daɗe ƙwarai a tsakanin mabiyansu. Ni duk sanda na tuna labarin nan raina ba shi mani daɗi. Kuma ba zan ɓoye ba, ni ɗan ECWA ne, tsakanina da ƴan'uwa Katolika akwai manyan maganganu da ban yarda da su ba, addu'a ta wurin Maryamu da ikon Fafaroma da sauransu, ina faɗa masu suna faɗa mani nasu, amma da aka ba Katsina dayosis nata, wato yankin da ke da bishop ɗin kanshi, a 2023 aka naɗa ɗan jiharmu Gerald Mamman Musa bishop, har cikin zuciyata na yi murna.

Ƙaiƙayin kuma shine ya fi cinye mamu lokaci. Ɗan kwali, wando, ganga da jita a sujada, naman Sallah. Ni maƙwabcina in ya aiko da naman layya ina karɓa in yi godiya in ci, innata kuwa har yau ba ta ci, tana karɓa da fara'a ta ba wasu. Shekara da shekaru muna gida ɗaya ba wanda ya taɓa ce ma wani ka yi zunubi. Karanta Romawa 14 gaba ɗaya, mai ci kada ya raina wanda ba shi ci, wanda ba shi ci kada ya hukunta mai ci, shi kenan an wuce wurin.

In ka tabbatar tsakuwa ce, to ka ji da kunnenka tukuna. Guntun bidiyo na rabin minti da aka turo a WhatsApp ba hujja bane, nemi wa'azin duka ka saurara, sannan ka buɗe Littafi Mai Tsarki kamar mutanen Biriya da suka riƙa bincika Nassi don su tabbatar da wa'azin Bulus, ka karanta surar daga farko har ƙarshe, ba aya ɗaya tal ba. Ka kuma duba fassara fiye da ɗaya, don tsofaffinmu da yawa da tsohuwar fassarar 1932 suka tashi, matasa kuma sabuwa ce a wayarsu, wani lokaci sai a yi ta gardama ashe kalma ce kawai ta bambanta.

Daga nan ka tafi wurin mutumin kai kaɗai. A Ayyukan Manzanni 18, Biriskilla da Akila da suka ji Afolos yana wa'azi da saura a sanin shi, ba su katse shi gaban jama'a ba, gefe suka ja shi suka ƙara mashi bayani. Kada ka tare fasto a bakin ƙofa ana tashi sujada yana gaisawa da mutane, bari sai Talata ko Laraba da yamma ka same shi gida, ka gaisa da Mama da yara, ka sha ruwa, sannan ka ce Baba akwai wurin da ban gane ba a wa'azin ran Lahadi, ina so a ƙara mani haske. Ka bar shi ya gama magana. Sau da yawa za ka ga bakin shi ne ya suɓuce, ko kai ne ka ji ba daidai ba.

Amma wani lokacin ba suɓutar baki bace. Akwai shekarar da aka gayyato wani baƙon mai wa'azi taron farkawa, dare na biyu sai ga kwalaben mai an jera kan teburi, kowace da kuɗinta, yana cewa wanda bai shuka iri ba, wato bai ba da kuɗi ba, kada ya sa ran warkewa. Wata gwauruwa da na sani, ɗiyarta ba lafiya, washegari ta kai akuyarta kasuwa ta saida ta kawo kuɗin a ƙulle a bakin zane, ina kallo tana kwancewa hannunta na rawa. Ranar ban yi barci ba. Da safe mu biyu da wani dattijo muka same shi masaukin shi, muka gaisa da ladabi, muka buɗe mashi Ayyukan Manzanni 8 inda Siman ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah Bitrus ya tsawata mashi. Ya ce mu ba mu da bangaskiya ne. Muka kai ma dattawa, wasu suka ce a bari taron ya ƙare kada a ji kunya gaban baƙi, Allah ya sa mafi yawa suka ƙi, aka dakatar da shi, ran Lahadi fasto ya tashi ya yi ma jama'a bayani dalla-dalla, aka haɗa kuɗi aka maida ma matar nan. Abinda aka koyar a fili dole a gyara shi a fili, haka Bulus ya yi ma Bitrus a Antakiya gaban kowa da ya ga ya janye daga cin abinci da al'ummai. Tsarin dai na Matiyu 18 ne, kai kaɗai, sai da mutum ɗaya ko biyu, sannan ikilisiya. Facebook ba shi cikin jerin.

Wajen taron haɗin gwiwa kuma, irin na CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, da aka kafa tun 1976, ku shirya tun kafin ranar me za a yi tare. Addu'a, azumi, taimakon marayu da gwauraye, zuwa wurin hukuma kan filin maƙabarta ko na majami'a, duk wannan murya ɗaya muke buƙata. Jibi da baftisma kowa ya yi a gidan shi. In an ba ka makirfo kada ka maida shi wurin habaici ga wata ɗarika, kuma kafin a gayyato baƙo a sa dattawa biyu su saurari wa'azin shi na baya, su tambayi wace ikilisiya ta aiko shi, wa yake ƙarƙashi.

In an gargaɗi mutum sau ɗaya sau biyu ya ƙi, Titus 3:10 ya ce a rabu da shi, wato kada a sake ba shi bagade ko ajin makarantar Lahadi. Amma 2 Tasalonikawa 3:15 ya ce kada a ɗauke shi abokin gaba, a gargaɗe shi kamar ɗan'uwa. Don haka lambar shi ta zauna a wayarka, in ya kwanta asibiti ka tafi dubiya, in an yi mashi rasuwa ka kai ta'aziyya ka zauna har a tashi, in matar shi ta haihu uwargida ta kai barka, yaran shi kuma su cigaba da zuwa makarantar Lahadi ba mai yi masu gori da maganar ubansu.