Yadda ƙaramar hukuma za ta ware kuɗi don kada shaidar fyaɗe ta lalace

A shekarar 2009 an gano fiye da ƙunshi 11,000 na shaidar fyaɗe jibge a ma'ajiyar 'yan sandan Ditiroyit ta Amurka, ba a gwada su ba. Kowace daga ƙananan hukumomin Sakkwato 23 na iya kauce wa haka, in ta ba wannan aiki gurbinsa daban a kasafin kuɗi.

A fara da kuɗin mota. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 bayan fyaɗen, a sha kwana 28. Yarinya daga Isa ko Sabon Birni da ta rasa kuɗin zuwa Cibiyar Nana Khadija, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, da ke Asibitin Ƙwararru a birnin Sakkwato, wa'adin nan zai iya wuce ta, shaidar jikinta ma ta gushe.

Sai kayan ajiya, inda aka fi yin sake. A shanya tufafi da audugar gwaji a inuwa su bushe sarai, a sa kowanne cikin ambulan takarda, a manne, a rubuta suna da rana. Ban da leda: tana riƙe danshi, ga zafin Sakkwato, sai ƙwayar halitta (DNA) da ke jikin kayan ta ruɓe. Duk wanda ƙunshin ya bi ta hannunsa ya sa hannu a rajista, domin giɓi ɗaya ya ishi lauyan wanda ake tuhuma ya rushe shaidar.

A ware kuɗin gwajin DNA da na kai shaidu kotu duk ranar zama. Iyaye kan janye ƙara in ɗage shari'a ya cinye musu guzuri.