Kurakuran da Masu Vespa Suka Fi Yi Wajen Haɗa Mai da Fetur

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A bakin tankin Vespa kam, kada ka yarda da shi. Yawancin baburan da ake turo mini garejina injinsu ya buga, idan na bi diddigi sai in tarar cewa da murfin gora mai babur ɗin yake awon mai, ko kuma ya yi ta tsiyayawa har sai ransa ya ce ya isa.

Injin Vespa irin na da ba shi da ma'ajiyar baƙin mai kamar na mota. Man da ka gauraya da fetur shi kaɗai ke jiƙa fistin da ringi da boris, sannan ya ƙone ya fice ta salansa. Awon da kamfanin Piaggio mai ƙera Vespa ya ɗora yawancinsu a kai shi ne kashi 2 cikin 100, wato mililita 20 a kowace lita. Lita 5 ke nan mililita 100. Tsofaffin ƙirar shekarun 1950 su ne ke shan kashi 5. Ka shiga kemis ka sayi sirinji mai cin mililita 20, ka ɗaure shi a leda ka ajiye a akwatin babur. A awon kashi 2, lita ɗaya, sirinji ɗaya. Kuma da fetur ɗin da ka zuba yanzu ake lissafi, ba da girman tanki ba, domin na ciki ya riga ya sha nasa.

Idan mai ya yi kaɗan, fistin ya ɗau zafi ya kumbura ya cije, tayar baya ta kulle kana tsakiyar titi. Na taɓa buɗe wani inji na ciro fistin ɗin, gefensa duk zane-zane kamar an ja shi a kan tsakuwa, ringin ya narke ya manne a raminsa. Mai shi dattijo ne, ya ce: "Malam, wallahi kullum ina sa mai." Na ce: "Baba, nawa kake sawa?" Ya ɗaga ɗan yatsa ya nuna mini gaɓa ɗaya. Na ji tausayinsa ƙwarai, don kuɗin gyaran ya ninka na man shekara guda.

Tsoron wannan ne ke sa wasu su cika mai, wai gara ya yi yawa. Shi ma ɓarna ce: fulogi ya yi baƙi ya jiƙe, ka yi ta dukan kiki da asuba, gawayi ya toshe salansa, babur ya rasa ƙarfi, na bayanka kuma ya sha hayaki.

Sai batun irin man. Baƙin man mota ba don ƙonewa aka yi shi ba, toka yake bari a kan fistin. Wanda aka juye daga injin mota kuwa, kar ma ka kusance shi ko kyauta aka ba ka. Nemi gorar da aka rubuta 2T, wato man da aka yi don haɗawa da fetur, in da hali mai alamar inganci ta JASO FC ko FD. Shi ne dai wanda ya kamata ƙaramin janareto na gida, irin wanda ake haɗa masa mai da fetur, ya sha.

Wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba: zuba mai alhali makunnin fetur yana buɗe. Mai ya fi fetur nauyi, sai ya gangara ƙasa ya cika kafireta tsurarsa, babur ya ƙi tashi. Rufe makunnin, zuba mai, bi shi da fetur, ka riƙe kan babur ka jijjiga shi sosai kafin ka buɗe. A gida, haɗawa a jarka ya fi. Haɗin da ya yi watanni a ajiye kuma, sabunta shi.

Wasu Vespa ƙirar PX suna da tankin mai daban da famfon da ke yin haɗin da kansa. In irinsa ne naka, kada ka ƙara mai a fetur. Ka riƙa leƙa ɗan gilashin da ke nuna ko akwai saura.

A doguwar gangara, musamman bayan ka sha gudu inji ya yi zafi, kada ka saki totur gaba ɗaya ka bar babur cikin giya. Inji na juyawa da sauri, fetur ba ya shiga sosai, ke nan mai ma ba ya shiga. Ka riƙa kama kuloci kana ɗan murza totur jifa-jifa har ka sauka.